Kwana Goma a Damagaram da 'Yan Ƙwallon Kwalejinmu

Tun da na yi ritaya na koma zaman majalisa a ƙofar gidana da ke Yalwawa, da wuya mako ya wuce wani bai ce mini, "Malam Sabi'u, wai da gaske ne kun taɓa zuwa Nijar buga ƙwallo?" In na fara ba da labarin, sai a kira sallah, ko wani ya shigo da zancen taki, labarin ya tsaya a Gumel bai ko kai bakin iyaka ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga fari, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

A lokacin jihar Jigawa tana jaririya. Ma'aikata da yawa a Kano suke kwana, su yi sammako zuwa Dutse. Kwalejinmu ta horon malamai tana zaune a wasu tsofaffin azuzuwa na aro a bayan gari, ɗalibanta ko ɗakin taro ba sa cikawa. Iyaye sun fi son tura 'ya'yansu Kano, inda suka san sunan makarantu. Kullum raɗe-raɗi ake yi cewa za a haɗe mu da wata kwaleji a kwashe mu daga Dutse. Ni ina shekarar ƙarshe, kuma ni ne lamba biyar a ƙungiyar ƙwallonmu.

Kocinmu Malam Isiyaku ne, malamin motsa jiki, gajere mai murya kamar ta mutum uku. Ana shirin gasar manyan makarantun jiha, shi kuwa ya san yadda muke. Ƙarfi muna da shi, amma dabararmu ɗaya ce: a buga gaba, kowa ya bi da gudu. Yana da wani aboki a Damagaram mai horar da ƙungiyar wata makarantar malamai, sai ya rubuta masa. Amsa ta zo da Faransanci, sai da aka yi kwana uku ana neman mai karanta ta. An gayyace mu mu yi atisayen kwana goma tare da su a hutun bazara.

Shugaban kwaleji ya yarda, ya ba da bas ɗin makaranta, amma ya haɗa mu da Malam Hudu don ya sa ido. Malam Hudu malamin Larabci ne, ɗan gidan malamai, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba cewa ƙwallo ɓata lokacin ƙarti ce. Sharaɗinsa na farko shi ne wandunanmu su rufe gwiwa. Aka kai su wurin tela ya ƙara musu tsawo da wani yadi da bai yi kala ɗaya da su ba.

Kafin tafiya na je ƙauyenmu, gabas da Kiyawa, neman izinin Baba. Na same shi a gona yana tara kara zai ƙona. Ni ne namiji babba a gidan, sauran ƙannena mata ne, shi kuma ciwon gwiwa ya fara cin ƙarfinsa.

"Kwana nawa?" ya tambaye ni.

"Goma, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. "In ruwan shuka ya sauka ba ka nan, wa zai riƙe sungumi? Ni da wannan ƙafar?"

Na ce masa da saura, ko hadari ba a fara gani ba. Sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya hana ba. Ni na ɗauki abin da ya yi mini daɗi.

Ranar Alhamis muka tashi bayan asuba, mu goma sha takwas, da buhun dabinon Dutse na tsaraba. Muka bi ta Kiyawa da Jahun da Gujungu, muka karya da ƙosai a Gumel. Babu wanda ya tuna cewa ranar kasuwar Maigatari ce. Shanu da raƙuma suka rufe hanya, bas yana tafiya kamar mai bin gawa, wani raƙumi ya zuro kai ta taga ya lashi hular Malam Hudu. Muka danne dariya har ciki ya yi ciwo.

A ɓangarenmu na iyaka ba mu daɗe ba. A ɓangaren Nijar ne laifina ya fito. Da yake rubutuna yana da kyau, ni aka sa na rubuta jerin sunayen matafiya. Golanmu kuwa, wani dogo mai manyan hannaye, ba wanda yake kiransa da wani suna sai Ɗan Buji, ni ma haka na rubuta. Jandarman da ke bakin shinge ya riƙa kiran suna yana duba kati, har ya zo kansa.

"Takarda ta ce Ɗan Buji, kati ya ce Ya'u. Mutum biyu ne ko ɗaya?"

Malam Isiyaku ya yi bayani, ya ba da haƙuri, ya harare ni. Jandarman ya ce shi ba zai bar mutum ya shiga ƙasa da sunan gari ba. Muka fi sa'a guda a tsaye cikin rana. Can da ya ji an ce ai yaron gola ne, sai fuskarsa ta canza. Ashe shi ma ya tsare gida a ƙuruciyarsa. Ya sa aka fito da ƙwallo, aka ajiye duwatsu biyu a gefen hanya, ya cire hularsa ya ce zai buga uku. Ɗan Buji ya kaɗe biyu, ta uku ta wuce. Ni dai har yau ina zargin da gangan ya bar ta. Jandarman ya gyara sunan da hannunsa, ya buga hatimi, ya ce mu gaishe da Damagaram.

Daga nan kwalta ta ƙare, rairayi ya fara. Tsakanin iyaka da Dungas sau huɗu motar tana kafewa. Duk sanda ta kafe, sai Malam Isiyaku ya busa usur ya ce, "Atisaye ya fara, ku sauka!" Muka yi ta turi har muka kai Magarya, inda muka sake samun hanya mai kyau. Gab da magariba muka shiga Damagaram. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duwatsunta, manya-manya a tsakiyar gidaje, kamar an ɗebo su daga bayan garinmu.

Muna sauka ɗaliban makarantar suka kewaye mu. Ganin Malam Hudu da babbar riga, suka nufe shi suna rusunawa: "Sannu da zuwa, Mushe! Mushe, kawo jakar!"

Malam Hudu ya tsaya cak. "Ni ne mushe? Isiyaku, ka ji abin da yaran nan suke kirana?"

Abokin kocinmu ya iso da sauri yana dariya. Ya ce a wurinsu haka ake kiran malamin boko, kalmar girmamawa ce ta Faransawa, shi kansa Mushe Mamman ake ce masa. Malam Hudu ya ce ya ji, amma shi dai a taimaka a ce masa Malam. Hausa ɗaya muke yi da su, sai dai ta sha wani ruwan. Makaranta lakwal ce, ƙwallo balo, asibiti kuma likita. Ranar farko da wani ya ce mini zai shiga likita, na daɗe ina kallonsa.

An sauke mu a wani dogon aji, aka shimfiɗa mana tabarmi. Ruwa shi ne abu mai daraja a garin. Kowa bokiti rabi ake ba shi da safe, da shi zai yi wanka ya wanke jesi. Mu da muka saba kwarara ruwa a bakin rijiya sai da muka koyi wanka da gwangwani. Karin kumallo kuwa burodi ne dogo kamar sanda, mai taurin baya, wanda Ɗan Buji ya ce in aka rasa turken raga a kafa shi. Da rana fura mai kauri, da yamma tuwon gero ko shinkafa da wake. Sun ba mu cuku, busasshen nono mai faɗi kamar takarda, muka yi ta juya shi ba mu san ta inda ake farawa ba, sai da aka nuna mana a jiƙa shi a shayi. Shayin nasu ma sai da muka koya: ɗan mitsitsin kofi, zagaye uku, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Da azahar gari gaba ɗaya yake rufewa, har ofisoshi, kowa ya kwanta sai la'asar. Dabinonmu kuma da muka miƙa da alfahari, suka karɓa da godiya, sannan suka kawo mana nasu na arewa a faranti, ya fi namu girma. Ba mu sake zancen dabino ba.

Washegari aka haɗa mu wasan gwaji. Da muka fito da dogayen wandunanmu masu kala biyu, 'yan kallo suka yi ta tafi, wani ya ce 'yan Najeriya sun zo da buje. Aka zura mana huɗu, ba mu rama ko ɗaya ba. Yaran ba su kai mu jiki ba, amma ƙwallo ba ta barin ƙasa a ƙafarsu. Kafin ka isa kan mutum ta wuce wurin na biyu, kafin ka juya tana wurin na uku. Na yi gudu a wannan rana har na ji ɗanɗanon jini a maƙogwaro, kuma ban taɓa ƙwallo ya fi sau biyar ba.

Daga nan aka shiga aiki. Bayan sallar asuba mu fita bayan gari mu hau tudun rairayi da gudu, ba takalmi, sau goma. Da la'asar, bayan Malam Hudu ya ja mu sallah, Mushe Mamman ya raba mu uku-uku a cikin ɗan da'ira, a yi ta miƙa wa juna. Dokarsa ita ce duk wanda ya ɗaga ƙwallo ta wuce kan mutum zai yi tsallen kwaɗo zuwa raga ya dawo. A kwana biyun farko ni na fi kowa tsallen kwaɗo. Malam Isiyaku bai ji kunyar zama ɗalibi ba. Yana tsaye a gefe da ɗan littafi yana zana duk abin da ya gani.

Wata rana daraktan makarantar, wani dattijo mai farin gemu, ya gayyaci malamanmu shan shayi, aka tafi da ni ina riƙe da buta. Malam Hudu bai yi kwana-kwana ba, ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, me makaranta take samu a wannan guje-gujen?"

Dattijon ya nuna wani tankin ruwa a kan ƙarafa a tsakiyar makarantar. "Ka ga wancan? Wani mai fataucin shanu ne ya kafa mana shi, shekarar da yaranmu suka ci kofin jiha. Bai taɓa shiga aji ba, amma bai taɓa fashin kallon wasanmu ba. Da, in na je ofis neman alli, sai in wuni a kan benci. Yanzu da na faɗi sunan lakwal ɗinmu sai a ce, a'a, masu balo ne, shigo. Yara daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba suna rubuto mini suna neman gurbi. Balo ce take kawo su, Malam, amma in sun zo karatu muke ba su."

Da yammar nan na ga Malam Hudu ya matso da tabarmarsa daga gindin bishiya zuwa bakin fili.

Ana saura kwana biyu wasan ƙarshe, na raka direbanmu tasha neman bel ɗin mota. Muka haɗu da wani ɗan kasuwa da ya taso daga Shuwarin, kusa da Dutse. Muna gaisawa ya ce, "Ai kun bar alheri a gida. Shekaranjiya an kwana ana ruwa, daga Dutse har Jahun. Kowa yana gona."

Duk ɗan manomi ya san laimar ruwan farko kwana biyu ce ko uku. A raina na ga Baba a tsakiyar gona da sungumi yana ɗingishi, Inna da ƙannena suna binsa da iri.

Na koma na sami Malam Isiyaku na ce zan bi motar kasuwa in tafi. Ba mu da wani lamba biyar, ni da shi duk mun sani.

"Ba zan riƙe ka ba, Sabi'u," ya ce. "Uba ya fi wasa."

Malam Hudu yana gefe yana jan carbi, sai ya sa baki. "Tsaya tukuna. In ka tashi gobe, yaushe za ka isa?"

"Jibi da yamma, Allah gafarta Malam, in an sami mota."

"To kafin nan ƙasa ta bushe. Ka rasa shuka, ka kuma bar 'yan'uwanka a tsakiyar aiki. Ka tsaya. In mun koma ni zan kai ka gaban mahaifinka da ƙafata."

Na tsaya. Amma ba zan ce hankalina ya kwanta ba, kuma har yau ban tabbata ko lissafin Malam ne ya tsayar da ni ko son wasan ba.

Ranar wasan ƙarshe fili ya cika. Suka fara zura mana ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo, sai abin da muka kwana tara muna koya ya fara fitowa da kansa. Na karɓe ƙwallo a bayanmu, ƙafata tana ƙaiƙayin in ɗaga ta sama, na danne, na miƙa wa na kusa da ni. Ta bi ƙafa biyar ba ta bar ƙasa ba, ta shida ta jefa ta a raga. Ana gab da tashi aka ba su fanareti, kuma ni na jawo shi. Ɗan Buji ya tofa yawu a tafin hannu, ya faɗi hagu, ya rungume ƙwallo. Da na waiwaya sai na ga Malam Hudu a cikin fili, babbar riga a kafaɗa, ba hula, yana ta faɗin "Masha Allahu!" Alƙalin wasa sai da ya roƙe shi ya koma waje. Aka tashi kunnen doki, mu kuwa muka yi murna kamar mun ci kofi.

Da safe suka raka mu har bakin gari. Mushe Mamman ya ba Malam Isiyaku ƙwallo biyu sababbi, ɗalibai suka cika mana leda da cuku. A iyaka jandarman nan ya leƙo ta taga ya ce, "Ina Ya'u?" Tun daga Jahun muka fara ganin gonaki an shuka, wasu har gero ya fara tsiro. Kowa yana waƙa a motar, ni ina kallon taga.

Malam Hudu ya cika alkawari. Aka tsayar da bas a Kiyawa, ni da shi muka taka zuwa ƙauye. Muka sami Baba a zaure ya miƙe ƙafa, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Rabin gonar kawai suka iya shukawa. Ya amsa gaisuwar Malam da mutunci, ya sa aka kawo masa ruwa, amma ni ko kallona bai yi ba. Malam ya ce, "Baba, laifin nawa ne, ni na hana shi tahowa." Baba ya ce, "Malam, ai ba kai ka tambaye ni izini ba." Na kwana biyu a gidan, in na gaishe shi sai ya ɗaga mini hannu kawai.

A rana ta uku ruwa na biyu ya sauka kafin asuba. Gari yana wayewa na ɗauki sungumi na fita. Ban yi layi uku ba na ji ƙarar mota. Bas ɗin kwaleji ne yake tangaɗi a kan burtali, da sunan makaranta a jikinsa, mutanen gari suna biye da shi. Ashe Malam Hudu ya hana kowa tafiya hutu, ya ce a jira ruwa. Duk suka sauko, wasu da sungumin aro. Malam Isiyaku ya jera su, shida suna sara, sauran suna zuba iri suna binnewa da ƙafa, ya busa usur. Malam Hudu ya naɗe riga ya karɓi ƙwaryar iri. Kafin azahar mun gama gonarmu, muka shiga ta wata gwauruwa maƙwabciyarmu muka gama mata.

Baba ya dogara sanda ya zo bakin gona, ya daɗe yana kallo. Da na zo wucewa kusa da shi sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, je ka ce wa innarka ta dama fura da yawa. Baƙinka ba za su tafi da yunwa ba." Maganar farko ke nan da ya yi mini tun dawowata.

A gasar jiha mun kai wasan ƙarshe, aka ci mu ɗaya. Kofi bai zo Dutse ba, amma sati biyu ana kiran sunan kwalejinmu a rediyo. Da aka buɗe ɗaukar sababbin ɗalibai, layi ya fita har wajen ƙofa, kuma mutum huɗu a ciki daga ƙauyenmu suke. Wani attajirin gari ya kewaye mana fili ya kafa raga ta ƙarfe. Zancen kwashe mu ya mutu, ba wanda ya sake tayar da shi. Ba zan ce ƙwallo kaɗai ta yi wannan ba, amma na san kafin ta ba mai iya nuna maka hanyar makarantarmu a tashar Dutse.

Malam Isiyaku ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Ɗan Buji ya zama hedimasta, ya yi tumbi, ba ya ko iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi. Malam Hudu yana nan da ransa, idanu sun tafi. Duk Juma'a nakan je in gaishe shi, kuma kafin in tashi sai ya kamo hannuna ya ce, "Sabi'u, yaran nan suna atisaye kuwa? Ka gaya musu su riƙa ajiye ta a ƙasa."

Nakan ce, "Suna yi, Allah gafarta Malam." Ban taɓa iya gaya masa cewa an gina ɗakin taro a kan filin ba.